Kwaɗon Bakin Ruwa

Zazzaɓi ya kwantar da Hurera da rana tsaka, amma in za a faɗi gaskiya ba sauro kaɗai ya jawo shi ba. Shekara shida tana koyar da ɗinki ta bidiyo a waya, Barira kuwa a hannunta ta koyi riƙon almakashi. Sai ga shi kamfanin waya ya saka darussan Barira cikin waɗanda ake kallo kyauta, suna buɗewa kafin a ɗauke yatsa, na Hurera kuma sai an sayi data, sannan a zauna ana kallon da'ira tana juyawa. Ɗalibanta suka dinga zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar masu ƙananan shafuka ta rubuta wa majalisa takarda, a tilasta wa kamfanoni su ba kowa hanya ɗaya, ana jiran sunanta zuwa la'asar. Kamfanin kuma ya aiko cewa akwai sauran gurbi guda cikin na kyautar, za a ba ta muddin ba ta sa hannu ba.

Tana kwance ta buɗe darasinta na wuyan riga, ya ƙi buɗewa. Da'irar ta yi ta juyi, idonta ya yi nauyi, juyin ya ƙara faɗi har ya zama mazari a hannun wata tsohuwa da ke kaɗi a bakin ruwa. Hurera ta gaishe ta, ta tambayi abin da take kaɗawa, tunda ba ta ga auduga ba.

"Jiran mutane nake kaɗawa, 'yata," in ji tsohuwar. "Naki ya fi na kowa ƙulli."

Tsohuwar ta miƙe, Hurera ta bi zaren. Ƙasar ta zama fadama, magudanan ruwa biyu sun ratsa ta, ɗaya mai faɗi yana gudu, ɗaya siriri duk laka. A cikinsu maganganun mutane ne ke iyo, kowace da ƙaya da jela kamar kifi. Ta ga wa'azi, ta ga tallan turare, ta ga gaisuwar wani soja zuwa ga mahaifiyarsa ta maƙale a laka tana buɗe baki. A babban magudanin muryar Barira ta wuce sulu, tana cewa a bar yatsa biyu kafin a yanka. Maganar Hurera ce wannan, har da ɗan tarin da take yi kafin ta faɗe ta. Hassada ta kama ta tsagwaronta, kuma a mafarki babu wanda za ta ɓoye wa.

Inda ruwan ya rabu akwai ƙofar ƙarfe, a jikinta kwaɗo yana rataye. Kwaɗon kulle ne, amma yana da idanu da maƙoshi mai kumbura, yana kuka irin na damina. Ya yi mata bayani cikin ladabi cewa shi ya haƙa magudanan, shi ke yashe su, don haka shi zai zaɓi wanda zai sha. Ya ƙara da cewa a babban magudanin talakawa ke sha kyauta, ko tana so a hana su ne? Maganar ta ƙara ba Hurera haushi.

Sai wata babbar riga ta taho a kan ruwa, ta sha aiki har ƙasa, amma babu kowa a cikinta, hatimi kaɗai ke leƙowa ta wuya. Rigar ta ce a miƙo mata mabuɗi, za ta daidaita ruwan kowa ya samu. Tsohuwar ta tambaye ta sharaɗi. Rigar ta ce ba wani abu ba ne, kowane kifi zai buɗe baki ta duba kafin ya wuce. Kwaɗo ya kira ta mai leƙen asiri, ta kira shi ɓarawon ruwa, suka kaure da musu, a ƙasansu gaisuwar sojan nan ta daina motsi, ba wanda ya kula.

Hurera ta ji nauyi a tafinta. Almakashinta ne, bakinsa ya zama mabuɗi.

"Ruwa kike so, ko ƙishin Barira?" in ji tsohuwar.

Ta yi niyyar cewa ruwa, wallahi ta yi niyya. Hannun ne ya riga ta, ya zura mabuɗin ya murɗa hagu. Babban magudanin ya ƙafe ƙaf. Muryar Barira ta faɗi a busasshiyar ƙasa tana birgima, Hurera ta ji daɗi har cikin ƙashinta. Can gangare kuma kekunan ɗinki da ba ta san ana takawa ba suka yi tsit, ɗari ko dubu, mata a ƙauyuka da rabin wuyan riga a ƙarƙashin allura. Ta waiwaya ga siririn magudaninta, ko ɗigo bai ƙaru ba. Kifin muryar Barira ya ɗago kai ya ce, "Anti, yatsa nawa kika ce a bari?" Ta buɗe baki za ta amsa, kwaɗon ya yi tsalle ya ƙulle a leɓenta, sanyin ƙarfe ya ratsa haƙoranta.

Ta farka firgigit, jiƙe da gumi, waya na ƙara a gefen kunnenta. Malam Sabi'u ne, shugaban ƙungiya, yana tambaya ko a sa sunanta, za a rufe takarda. Ta taɓa leɓenta tukuna.

"Malam, in dokar nan ta fito, Barira za a sauko da ita, ko mu za a hawar?"

Ya yi dariya, ya ce shi dai abin da ya sani kowa zai bi hanya ɗaya, Barira ma tun da safe ta sa hannu.

Hurera ta tashi zaune. Ko a nan ma yarinyar ta riga ta.

"Sa sunana," ta ce. "Amma a saman nata."