Safar da Ke Kan Waifar Zdravka

Tsvetana ta kama waifar motarta da hannu biyu ta fizga. Ƙarfen ya taso, robar ta tsaya manne da gilashi, ƙanƙara ta riƙe ta gam. Ta zagi sanyi, ta zagi wanda ya ƙera motar. Yau Asabar, ga kwalaben zuma a but suna jiran kasuwar Sevlievo.

Sai idonta ya kai kan motar da ke gefe, ta Zdravka, uwar matar ɗanta Luben. Waifofinta a ɗage suke, kamar yadda kowa yake yi in an ce dusar ƙanƙara na tafe, kuma kowacce sanye da safa don kada robar ta daskare. Tsvetana ta matsa har hancinta ya kusa taɓawa, ta shafa. Jan ulu, baƙin zare a dunduniya. Saƙar hannunta ce, wadda ta yi wa Luben bara.

Zdravka mai jan farce ba za ta sauko daga hawa na uku cikin wannan sanyi ba. Luben ne. Ya zo ya tufatar da motar surukarsa, ya tsallake ta uwarsa da ke nan taku biyu. Sau uku tun kaka tana ce masa gilashinta na yin dishi-dishi, waifa ta mutu. Shi kuwa a shagon kayan mota yake aiki, abin rataye a bango kamar barkono. Amsarsa ɗaya: "Gobe, Mama."

Ta zare safar guda, ta ɓamɓare robar tata, ta kankare gilashin motarta da murfin kwalba, ta tada mota. A hanya direbobi sai danna mata oda suke yi. Ta ce 'yan iska ne, duk garin ya lalace.

Da ta tsaya a shagon da Luben yake aiki, Stoyko mai shagon ne ya fara hango ta.

"Luben, shiga ƙarƙashin tebur, ga hadari nan! Inna Tsvetana, zuma kika kawo mana ko harbin ƙudan?"

"Rufe min baki, mai sanƙo. Da ɗana na zo."

Ta dangwara safar a kan teburin shagon, ta ɗora yagaggiyar robar a gefe. Masu sayayya biyu suka ja baya.

"Wannan fa?"

"Safa ce, Mama," in ji Luben. "Ta huje a yatsa."

"Ta huje! Mako uku ina saƙa ta, yatsuna na ciwo. Ba ka kawo min in ɗinke ba, sai ka sa wa motar waccan? Ita ta haife ka? Ita ta goya ka zuwa asibiti da kake tarin nan? Motarta ta kwana da safa, tawa ta kwana tsirara!"

"Mama, ga mutane."

"Su ji! Yau sai ka sa min sabuwa, irin tata sak. Ba mai arha ba, ba wadda take kuka kamar ɓera ba."

Luben ya sauke numfashi.

"Na sa miki sababbi tun Satumba. Irin nata, kwali ɗaya. Ba ki ma lura ba."

"Ƙarya kake."

"Ni na miƙa masa su, Inna," in ji Stoyko. Wannan karon bai yi dariya ba.

"To me ya sa jiya ba ka ɗaga min su ba, Luben?"

"Da gangan na bar su. Na ce in sun daskare ƙila ki hau bas. Likita ya ce yanar ido ce ta kama ki, ya ba ki ranar da za a duba ki, kin ƙi zuwa. In na ce ki daina tuƙi, ki ce ina so in binne ki da ranki."

"Idona garau yake. Gilashi ne. Ka sa min, in gani."

Bai ƙara musu ba. Ya zaro kwali biyu, doguwa ta gefen direba, gajeriya ta ɗaya gefen, suka fita. Ya danna maƙalin, ya zare tsofaffin, ya shimfiɗa tsumma a kan gilashin don kada tsiran ƙarfen ya faɗo ya fasa shi. Ya zura sababbin har suka ce ƙas. Ya wanke gilashin ciki da waje, ya cika tulun ruwan wanke gilashi da ruwan da ba ya daskarewa.

"Shiga ki gwada."

Ta zauna, ta ja sandar. Ruwa ya feso, waifofin suka share sau biyu, ko ƙara babu. Ta zuba ido. Ga titi, ga bas yana wucewa, amma hazon yana nan daram, fari-fari kamar an shafa madara. Ta sake ja. Ta runtse idon hagu, ta buɗe. Bai gusa ba. Ta leƙa ta tagar da ke buɗe, inda babu gilashi ko kaɗan, ta kalli fuskar Luben. Hazon yana kan fuskar tasa ita ma.

"Yaya, Mama?"

"Tas," in ji ta. "Da ma na gaya maka."

Ta daɗe riƙe da sitiyari. Sannan ta buɗe ƙofa, ta zagaya, ta zauna a kujerar gefe, ta rungume jakarta.

"Tsayuwar me kake yi? Zumata za ta sandare. Zo ka kai ni kasuwa."

Luben ya waiwaya, Stoyko ya yi masa hannu daga bakin ƙofa. Ya shiga ya gyara kujera.

"Ƙarfe sha ɗaya fa na yi alkawarin raka Zdravka sayen labule."

"Ta tuƙa kanta, ai tana da ido. Asabar mai zuwa ma kai za ka kai ni, da ta bayanta." Ta gyara ɗankwalinta. "Shi likitan naka, wace rana ya ce?"