Shaidar Tafinta a Kotun Attaura

Sati biyar na yi babu wanda ya kira ni aiki. A Guangzhou tafinta ba ta da shago, ba ta da haja, sunanta ne jarinta. Nawa kuwa an ɓata shi da saƙo guda, a wani zauren manhajar WeChat inda baƙin 'yan kasuwa ke tambayar juna wa za su ɗauka. Saƙon ya ce Halimatu Sadiya, 'yar Najeriyar nan mai hijabi, ta juya magana a masana'anta, ta lalata siket dubu shida.

Ni da na karanta shari'a a Kano, ta Musulunci da ta Turawa, na zo nan na ƙara digiri na biyu, na koyi Sinanci har ina mafarki da shi. Aikin ofis bai samu ba, na kama tafinta, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba. Abin da ba na ɗauka shi ne a ce na yi abin da ban yi ba.

Mai siket ɗin wani tsohon Bayahude ne, Elyakim Zilber, mai doguwar furfura da gwiwa mai ciwo. Sau biyu a shekara yake zuwa daga Isra'ila ya sa a ɗinka masa dogayen siket na jins a Xintang, garin masana'antun ɗinki, don 'yan matan makarantun addininsu. Ranar da aka haɗa mu bai miƙo mini hannu ba, ni ma ban miƙa ba, sai duk muka samu sauƙi. In mai masana'anta ya shirya liyafa, mu biyu ne ke zaune da faranti wayam, shi da kifin gwangwaninsa, ni da dabinona. Na san abin da ake yi a Gaza, kuma ba sau ɗaya ba na kwana ina tambayar kaina ko ya dace in ci gaba da aikin. Na ci gaba. Bai taɓa yi mini ƙarya ba, ban kuma taɓa ɓoye masa ra'ayina ba.

Daga unguwarmu ta Sanyuanli zuwa Xintang kusan sa'a guda ce a mota, shi kuwa zancensa ɗaya ne. Ya ce ƙasarsu tana da sunan Yahudawa amma dokarta guntun Turkawa ne da Ingilishi, an yi masa kwaskwarima. Ya ce ranar da za su zama mutane ita ce ranar da kotunan gwamnati za su ba kotunan Attaura wuri, a dawo da majalisar malamai saba'in da ɗaya, a daina barin ƙuri'a tana yanke abin da Ubangiji ya riga ya yanke. Ba da faɗa yake faɗa ba, kamar mai kwatanta gidan da zai gina in ya yi ritaya yake yi. Ya kan yi dariya ya ce ko a gidansu bai ci zaɓe ba. Yayansa na ganin kafa ƙasar ma haramun ne tun da Almasihun da suke jira bai zo ba, matarsa kuma ta ce duk malamin da ya hau kujerar mulki, kujerar ce ke hawansa.

Ba baƙon zance ba ne a kunnena. Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, mai shagon aika kaya a kasuwar Canaan ta nan Guangzhou, a saman lodin gingimari ya tafi Gusau ranar ƙaddamar da Shari'a, har gobe yana nuna tabon da ƙarfen motar ya yi masa a ƙauri. Na gaya wa Elyakim haka, na ce mun riga su gwadawa, littafin na nan da tsarkinsa, amma gwamnonin su ne dai gwamnonin. Ya ce ai laifin gwamnoni ne. Na ce Kawu ma haka yake cewa.

Da Elyakim ya koma gida a watan Maris ya bar aikin a hannun Dov, ɗan ƙanwar matarsa, wanda ke zaune a nan. Wata Talata muka je masana'anta, laoban, wato mai wurin, ya ce yadin da aka zaɓa mei yo, wato babu, ɗan abin da ya rage ba zai isa ba, sabo sai bayan sati uku, jirgin ruwa kuwa ba ya jira. Dov ya tsaya tsakanin kekunan ɗinki yana lissafi da yatsu, sannan ya ce da ni da Turanci in gaya wa laoban ya rage santimita takwas a kowane siket, ya yi tsaga a baya, ragowar yadin zai isa. Na tambaye shi ko tsoho ya sani. Ya ce in yi aikina. Na sake tambaya, domin na ji Elyakim da kunnena yana cewa dole siket ya rufe gwiwa ko yarinya na zaune. Ya ce shi ne wakili ko ni? Na fassara. Na kuma rubuta a ɗan littafin da nake rubuta kowane umarni, da rana da lokaci.

Kaya suka isa, makarantu suka ƙi karɓa. Aka tambayi laoban, ya faɗi gaskiyarsa: shi ba ya jin Turanci, daga bakin yarinyar nan ya ji. Dov ya ce bai taɓa faɗin haka ba, kuma kafin rana ta faɗi ya rubuta saƙon nan.

A sati na biyar Kawu ya kira ni shagonsa. Yana zaune kan buhun kaya yana shan shayi, ƙarar salatif na tashi ta ko'ina.

"Barista, sai a haɗa akwati ko?" Barista yake kirana in yana son ya tsokane ni. "Na ce miki ki rabu da mutanen nan, kika ce ke kin yi boko. To ga boko nan."

Na ce ba inda zan je da wannan tabon a goshina. Ya ce ya yi magana da Hajiya mahaifiyata, in wata ya ƙare babu aiki zai saya mini tikiti, ba zai zuba ido 'yar yayarsa ta zama abin nuni a Sanyuanli ba. Na san in na koma a haka, a gidan biki ma labarin zai riga ni zama.

Ana haka Elyakim ya sauka. Ya neme ni, ya ce ba zai kai Dov kotun China ba, ba kuma zai kai shi ta ƙasarsu ba, domin a wurinsa bai halatta Bayahude ya kai ɗan'uwansa gaban alƙalin da ba na Attaura ba. Sun amince da wani malaminsu da zai saurare su ta bidiyo. Ya roƙe ni in zo in faɗi abin da na sani. Da na gaya wa Kawu sai ya jujjuya kofinsa, ya ce kome lalacewarsu dai sun riƙe littafinsu, mu da muke kai junanmu ofishin 'yan sandan China kan kwali biyu fa?

Ranar Laraba da hantsi muka zauna a wani ƙaramin ɗakin taro na otal. Na goge hijabina, na jera bayanina kamar yadda aka koya mini, littafina na kan cinya. Malamin ya bayyana a fuskar kwamfuta, siriri, da tabarau, da alamar mura. Suka yi ta magana da Ibrananci, Elyakim na juya mini kaɗan-kaɗan. Karon farko ke nan da wani ke yi mini tafinta, na kuma gane yadda mutum ke zama kamar kurma a tsakiyar maganar da ta shafe shi.

Da aka zo kaina Dov ya ɗaga hannu. Elyakim ya fassara, idonsa a kan teburi. Dov ya ce shaidata ba ta karɓuwa saboda dalili uku: mace ce, ba Bayahudiya ba ce, kuma tana da abin karewa a cikin maganar.

Na ukun ban ji zafinsa ba. Kowace kotu a duniya za ta faɗi haka, ni ma da zan faɗa in ni ce lauyarsa. Biyun farko ne suka zauna mini a ƙirji.

Malamin ya ce duk da haka yana so ya ji ni, ya kuma ji ni har ƙarshe, bai katse ni ba. Ya sa na ɗaga littafina gaban kyamara, ya tambayi me ya sa na tambayi Dov sau biyu. Sannan ya ce akwai ƙofa: in wanda ake ƙara ya ce ya yarda da ni a matsayin shaida a kansa, maganata za ta tsaya daram. Ya dubi Dov. Dov ya dubi silin. Bai buɗe ƙofar ba.

Sulhu aka yi, suka raba asarar tsakaninsu. Na tambaya, ni fa? Malamin ya share hanci, ya ce da Turanci a hankali cewa ba ni ake ƙara ba, don haka babu hukunci a kaina, mai kyau ko maras kyau. Ya ce a ransa yana da ra'ayi, amma ra'ayi ba hukunci ba ne. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi.

Dov ya fita. Na zauna ina jin gajiyar da ban taɓa ji ba, ko lokacin jarrabawar lauyoyi. Elyakim na tattara takardunsa yana ɓata lokaci.

"A ƙasar nan da kake so ka gina, ina ne wurina?" na tambaye shi.

Ya ce baƙon da ke zaune cikinsu yana da haƙƙi, Attaura ta maimaita hakan sau da yawa, ba a zaluntarsa.

"Ban tambayi ko za a zalunce ni ba. In na ga abu da idona, za a yarda?"

"Ni na yarda."

"Kai ba kotu ba ne."

Ya ce haka ne. Bai yi ƙoƙarin gyara maganar ba, wannan kuwa na ga girmansa a kai. Ya ce har yanzu yana ganin dokar daidai ce, ko da yau ta fi ƙarfin fahimtarsa, amma dokar nan ita ce ta hana a ɓata sunan mutum a zuba ido. Zai rubuta a zauren cewa ya bincika, ya gamsu tafinta ta isar da abin da aka ce mata. Ya miƙo wayarsa, ya ce in juya masa shi zuwa Sinanci da harshenmu.

Na ture wayar. Na ce bakin da ake zargi shi ne zai wanke kansa? Duk wanda ya karanta zai ce ni na rubuta. In da gaske yake, ya je ya faɗa da bakinsa, a inda ba na tsakiya.

Da yamma na ba Kawu labari. Na zaci zai yi murna ya ce ga irinta nan. Sai ya ce a hankali, ai ko a namu, Sadiya, a maganar dukiya sai kun kai biyu. Na ce na sani, Kawu, na ci jarrabawa a kai, har na samu maki mafi yawa a ajinmu. Ban yi jayayya da Ubangijina ba, Shi Ya san hikimarsa. Amma na gaji da zama a ɗakunan da maza ke buɗe littafi su duba ko an ba su izinin jin abin da na gani.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina shagon Kawu ina taya shi rubuta sunaye a jikin buhuna, sai hayaniyar layin ta ragu. Elyakim ne ke hawowa, da baƙar hularsa, yana dafa ƙarfen matakala, yana hutawa kowane taki uku. Mutanen Kano da na Maraɗi suka tsaya suna kallo. Ya zo ƙofar shagon ya tambayi wane ne Ilu.

Na ja baya na jingina da buhu, na rufe bakina. Da Turancinsa mai nauyi ya faɗa, da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji: yarinyar nan ba ta yi kuskure ba, ɗan gidansa ne ya ba da umarnin, shi kuma ya ji kunya. Ya maimaita. Kawu, wanda ya sha rantsuwa Bayahude ba zai taka shagonsa ba, ya dubi gwiwar tsohon, ya jawo kujerar roba da ƙafa. Elyakim ya gode, ya ce ba zai zauna ba, Asabar, ranar hutun addininsu, na shigowa da faɗuwar rana, dole ya isa masauki kafin nan. Ya juya ya fara sauka.

Alhaji Shitu na shagon gaba ya leƙo ya ce me tsohon ya ce ne, Barista? Kawu ya ce ba ita za ta faɗa ba, shi zai faɗa. Ya fita tsakiyar layi ya fassara da kansa, har da ƙarin gishiri.

Ba kowa ya dawo ba. Waɗanda suka karanta saƙon Dov sun fi waɗanda suka ji Kawu yawa, kuma ba su san kasuwar Canaan ba. Ranar Litinin mutum ɗaya ya kira, wata Hajiya Balkissa daga Yamai, tana son wandunan yara a Xintang. Kawu bai sake zancen tikiti ba, ni ma ban tuna masa ba.

A mota na buɗe sabon shafi, na ja layi a ƙasa. Na ce mata duk abin da ta ce in faɗa wa laoban zan rubuta, ta sa hannu tukuna kafin in buɗe baki. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ita da ta isa ta haife ni ba a yarda da ita ba ke nan? Na ce ba ita ba ce, Hajiya. Na miƙa mata biro.