Filayar Baba da haƙorana biyu

Faɗuwa a keke ce ta raba ni da haƙora biyu na gaba. Shekara guda na yi ina magana baki a tsuke. Yayata ta sa min suna Taga.

"Taga, rufe mana, iska na shigowa."

Da wani kantin takalma ya sa min ranar intabiyu, Mama ta ce ba mai ɗaukar yaron da ke gaishe da mutane kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. Aikin nan kuwa ina sonsa. Zaman gida ya ishe ni. Ta tasa ƙeyata zuwa asibitin haƙori.

Likitar ta cika wani faffaɗan cokali da abu mai danƙo, ta danna min a baki har ya daskare, ta ciro siffar bakina. Bayan kwana goma ta miƙo min abin: 'yar roba ruwan hoda mai kwanciya a ganɗa, haƙora biyu a jikinta, da siririyar ƙugiyar ƙarfe kowane gefe, mai kama haƙoran da suka rage. Ta danna, ya ce ƙas.

"In za ka kwanta ka cire, ka sa a ruwan sanyi. Ruwan zafi na lanƙwasa shi. Ka riƙa goge shi da buroshi mai laushi. In ya ci maka dasashi ka dawo. Kada kowa ya taɓa ƙugiyar."

Ana gobe intabiyu, da la'asar, gefen hagu ya fara cina. Na cire, na zauna ina kallonsa a tafin hannu.

Baba gyaran tabarau da agogo yake yi, teburinsa na ƙofar gida. Ya hango ni.

"Kawo in gani."

"Likita ta ce kada..."

"Shekara talatin ina lanƙwasa ƙarfe ya zauna a hancin mutane. Baki da hanci ai maƙwabta ne."

Ya ɗauki ƙaramar filayarsa, ya buɗa ƙugiyar hagu kaɗan. Na mayar. Ya ce in gwada gaisuwar kanti.

"Sannu da zu..."

Haƙoran suka sauko suka zauna min a harshe. Yayata ta riƙe ciki, ta zame jikin bango tana dariya.

Baba bai ji komai ba. Ya ce ƙugiyar dama ce ta yi sako-sako, ya matse ta. Wannan karon abin ya ƙi shiga gaba ɗaya.

Intabiyu ƙarfe sha ɗaya ne. Bakwai da rabi muna kan bencin asibiti, ni da Baba, haƙorana cikin kofi.

Likitar ta ɗaga abin sama, ta juya shi.

"Wa ya taɓa?"

Baba ya tsura wa fanka ido. Can ya ce, "Ni ne, 'yata. Kaɗan na taɓa."

"Ƙugiyar ba ta da laifi, Baba. Gefen robar ne ke gogarsa. Da ta karye, sai bayan mako guda zai samu wata."

Ta buɗe aljihun tebur ta zaro filaya.

"Af, irin tawa ce!" in ji Baba.

"Irin taka ce. Amma ni sai na leƙa bakin tukuna."

Ta lanƙwasa, ta gwada, ta cire, ta sake. Sau biyar. Ta goge gefen robar da ɗan inji. Baba na tsaye a kanta, hannuwa a baya, yana gyaɗa kai kamar shi ya koya mata.

Sha ɗaya saura biyar na isa kantin. Mai kantin wata mata ce mai kiran kowa ɗana. Ta duba takarduna sama-sama ta ture.

"Ga mai saye ya shigo, ɗana. Je ka tarbe shi in gani."

Na taɓa robar da harshe. Tana nan daram. Na je na gaishe shi, na tambayi lambar ƙafarsa, na sauko da kala uku. Ya ce ƙafar hagunsa ta fi ta dama rigima, na yi dariya, baki buɗe. Ba abin da ya faɗo. Ya sayi baƙin.

Da ya fita ta ce, "Ka zo Litinin. Amma ka rage washe bakin nan, ɗana. Takalmi muke sayarwa, ba man goge baki ba."