Kyamara a Ɗakin Yagana

"Wannan ta fi dacewa da aikinki," in ji Nnadozie. Ya ɗaga wata 'yar baƙar kyamara da ba ta fi sabulun wanki girma ba. "Ki ajiye ta a lungu, mai ɗakin ma sai ta manta da ita."

Na tsaya a bakin zaure da kwanon kunu a hannu. Sun shimfiɗa tabarma a tsakar gidan maƙwabciyata Yagana, ƙarƙashin darbejiya, sun jera kyamarori kamar masu tallan tumatir. A ɗakin da ke bayansu kuwa mai gidan ce a kwance. Asibiti sun sallamo ta da ciwon daji, sun ce a kai ta gida a ci gaba da addu'a.

Nnadozie yana da shagon kayan hoto a kasuwa. A Maiduguri aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan unguwarmu ta Bolori fita. Wadda ta kira shi ita ce Rahmat, 'yar farin Yagana, wadda ke zaune a Abuja tana shirya wa ƙungiyoyi fim.

"Babbar can fa?" Rahmat ta nuna wata mai dogon baki.

"Hotonta ya fi kyau, amma sai kin kafa mata ƙafa, kin kunna mata fitila. Ga ɗakin Mama ƙarami. Waccan ta tsakiya kuma ba ta son zafi, a garin nan kafin azahar za ta kashe kanta. Wannan ƙaramar tana gani ko da ɗaki ya yi duhu-duhu, ba ta yin ƙara, kuma da kanta take bin idon mutum. Duk inda Mama ta juya, tana biye da ita."

"Batir fa? Ka san halin wutarmu."

"Zan haɗa miki da wasu, ki riƙa canzawa."

Rahmat ta juya kyamarar a tafin hannunta. Wani ɗan jan ɗigo ya kama a goshinta. "Wannan shi ne matsalata. Da ta gan shi sai ta gyara zama. Ana kashe shi?"

Nnadozie ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofar ɗakin. "Ana kashewa. Amma Anti, Mama ta sani dai ko?"

"Ta sani."

Ya danna nan, ya danna can, ɗigon ya mutu.

"Rahmat," na ce, "don uwarki kike sayen wannan, ko ɓarayin unguwa za ki kama?"

"Kai, Malama!" Ta yi dariya. "Sannu da zuwa. Aiki ne, ba za ki gane ba."

Na wuce da kununa. Ban yi makarantar da ta yi ba, da girmana na koyi karatun boko a littattafan 'ya'yana. Amma na gane.

Katanga ɗaya ta raba ni da Yagana tun ina amarya. Turaren wuta da humra take haɗawa, kuma babu amaryar da aka kai a layinmu ba da ƙamshinta ba. Duk tsawon zamanmu ban taɓa ganin kanta babu ɗankwali ba. Ko shara za ta zubar sai ta naɗa laffaya. Da farko fim ɗin Rahmat a kan sana'ar ne. Yagana ta zauna a tsakar gida tana nuna yadda ake soya icen turare da sukari, ana ɗauka da wata kyamarar aro, kuma ban ga laifin haka ba. A nan ta koyi cewa in jan ɗigo ya kama ana ɗauka, in ya mutu an gama. Da ciwo ya kwantar da ita, sai waɗanda suka ba Rahmat aikin suka ce ai yanzu ne labarin ya yi daɗi.

Rahmat ta ɗora kyamarar a kan kabad, tsakanin kwalaben humra, bakinta na kallon gado. Daga ranar Yagana ba ta ƙara kwanciya irin ta marar lafiya ba.

Da safe in na shiga sai in tarar ta riga ta sa kwalli, ta naɗa laffaya, ta jingina da bango a zaune. Lokacin bazara ne, kwanon ɗakin kamar an hura wuta a kansa, gumi na bin wuyanta, amma ba ta yarda a sassauta mata ko da gefe ɗaya. Cikinta ya kumbura, ƙafafunta sun yi nauyi. In ciwon ya murɗa ta, sai ta cusa bakin laffaya a baki ta cije har ya lafa. Kunu kuwa ta daina sha sai kurɓi ɗaya, don hannunta na rawa, tana tsoron ya zubo mata a haɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar bayan gida. Na kawo mata fo, na ce ga shi a ƙarƙashin gado. Ta dubi kabad, ta girgiza kai. Sai dai in ta matsu ta dafa ni, ta dafa bango, mu ja jiki har ƙarshen tsakar gida, tana numfashi kamar za ta faɗi. Wani lokacin sai ta riƙe tun safe.

"Muhsinat," ta ce min a hankali wata rana, leɓenta kawai ke motsi, "tana gani yanzu?"

"Ban sani ba, Yaya."

"Ta da can tana da jan ido. In ta rufe shi ina hutawa. Wannan fa?"

 Ita kanta Rahmat ba koyaushe take ɗakin ba. Ta ce in tana nan uwar ba ta sakin jiki, don haka sai ta kunna kyamarar ta fita zaure ta zauna da kwamfutarta.

Da labari ya bazu a layi, masu dubiya suka ƙaru. Rumaisa'u matar mai faci, wadda ba ta taɓa leƙowa ba tun da aka fara jinya, ta zo da safe a hargitse, ta ji an ce akwai kyamara, ta koma gida. Da la'asar sai ga ta da 'yan kunne da jan baki. Ta zauna daidai inda za a gan ta, ta kama hannun Yagana tana kuka da ƙarfi tana cewa, "Uwarmu! Uwar marayu!" Da za ta fita ta tambaye ni a wace tasha za a nuna. Na ce mata tashar da za a nuna mu duka ranar hisabi. Ta yi tsaki ta tafi.

Ran nan na sami Rahmat a zaure. Ta juyo min da kwamfutar, fuskarta cike da murna.

"Malama, zo ki gani. Dubi yadda take zaune. Ko sau ɗaya ba ta yi nishi ba. Duniya za ta ga jarumtar macen Barno."

A allon ga Yagana nan tsaf, har ƙwayar idonta ana gani. Hoton ya yi kyau ƙwarai, kuma kyan nasa ne ya sa na ji kamar in tofar da yawu.

"Ba jarumta ba ce," na ce. "Kunya ce. Kin tsare mace a ɗakinta ba ta da ikon yin nishi. Fitsari ma ba ta iya yi."

"Na nemi izininta."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce a'a ba."

"Yaushe kika taɓa jin ta ce miki a'a? Yaushe kika taɓa jin ta ce miki i? Ke 'yar fari ce. Sunanki ma ba ta faɗa, sai dai ta ce 'waccan'. A gidan nan kika girma ko a wani wuri?"

Ta rufe kwamfutar. Idonta ya kawo ruwa, kuma zan faɗi gaskiya, ba na ƙarya ba ne. "Malama, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba. Ko kallona ba ta yi sosai. In ta tafi, wannan ne kaɗai zai rage min. A nan ne nake iya kallon fuskarta yadda nake so."

"To ki shiga ki kalle ta. Tana da rai."

"In ta faɗa da bakinta, yanzun nan zan cire."

Muka shiga tare. Rahmat ta durƙusa a gaban gado, ta kira ta yadda Barebari ke kiran uwa. "Ya, Malama ta ce abin nan ya dame ki. In cire?"

Yagana ta kau da kai ta dubi bango.  Da ta buɗe baki, da ni ta yi magana. "Muhsinat, ku bar yarinya ta yi aikinta."

Rahmat ta dube ni, ta tashi ta duba batir.

Haka muka ci gaba. Jikin Yagana na ƙarewa, kwallin bai fasa ba. Wata Laraba da hantsi Rahmat ta ce katin da hoto ke taruwa a ciki ya kusa cika, za ta je wurin Nnadozie ta karɓo wani. Ta gyara wa kyamarar zama, ta fita ta tari keke.

Na dubi Yagana. Tana zaune kamar kullum, amma duk jikinta na karkarwa, leɓenta ya bushe ya tsage, ta matse cinyoyinta. Na ce ta dafa ni mu je. Ta gwada, ƙafar ta ƙi. Ta sake gwadawa, ta koma da baya. Sai ta runtse ido, hawaye ya gangaro ya jawo kwallin.

Na miƙe na sauko da abin daga kan kabad. Da ɗumi a jikinsa kamar ɗan tsako. Ban san inda ake kashewa ba, ban kuma tsaya nema ba. Na kai shi madafa, na jefa a tukunyar tuwo, na rufe da murfi, na ɗora turmi a kai.

"Ba ta nan, Yaya."

Ta buɗe ido ta dubi kabad. "Rantse."

"Wallahi tana cikin tukunyar tuwo."

Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama nishi. Ban taɓa jin nishi mai tsawo irin wannan ba. Ya fito tun daga ƙasan cikinta, ta sake shi, ta sake wani, ba ta cije komai ba. Ta ce in miƙo fo. Na miƙo, na taimaka mata, na wanke ta. Ta warware laffayar da kanta ta ture ta ƙasa. Ta kai hannu ta zare ɗankwalin. Abin da na gani ba na kowa ba ne, kuma ba zan rubuta shi ba.

Ta kwanta a gefenta, ta miƙe ƙafafu. Ta zagi ciwon da Barbarci, zagi mai kyau wanda ban san ta iya ba. Ta ce in ba ta kunu. Ta sha, rabi ya zube a matashi, ba ta damu ba. Daga nan ta ce bayanta na ƙaiƙayi. Na zauna a bakin gado ina sosa mata, tana cewa sama kaɗan, hagu kaɗan.

Ta yi 'yar magana, sannan ta yi shiru. Na ji numfashin ya canza. Na matsa kusa da kunnenta ina maimaita kalmar shahada, leɓenta na bi. Kafin a kira azahar ta cika. Na rufe mata ido, na ɗaure mata kai, na ja zane na lulluɓe ta.

Ina jin tsayawar keke a ƙofar gida. Rahmat ta shigo da 'yar leda a hannu, ta ɗaga labule. Allah ne shaidata, kan kabad ta fara duba kafin gado. Daga nan ta ga zanen, ledar ta faɗi, ta ƙwalla ƙara.

An kai Yagana da la'asar. Nnadozie ya rufe shago ya zo, ya zauna da maza a ƙofar gida, kansa a sunkuye. Ana cikin karɓar gaisuwa wayar Rahmat ta yi ƙara. Ina kusa da ita, na ji muryar namiji daga Abuja. Ya yi ta'aziyya a gurguje, sannan ya tambaya ko an samu ƙarshen. Ta kashe wayar ba ta amsa ba.

Washegari da safe, kafin mata su taru, ta same ni a bayan ɗaki ina wanke kwanuka. Ta riga ta gano tukunyar. Na zaci faɗa ta zo yi, na kuwa shirya mata. Sai ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna.

"Ba komai a cikin kyamarar," ta ce. "Duhu kawai."

"Na sani."

"Ta sha wahala?"

"Ta huta. Ta yi nishi, ta sha kunu, ta kwanta."

 "Ta yi magana?"

"Ta ce in sosa mata baya."

"Shi ke nan?"

Na ajiye kwanon da ke hannuna. Na so in ce shi ke nan, amma ba haƙƙina ba ne in riƙe. "Ta ce, 'Waccan ta fi ki iya susa. Tana ƙarama ita ke yi min.'"

 Rahmat ta ɗora hannayenta a kan gwiwa, ta buɗe yatsun, tana kallon farcenta. Ruwan wanke-wanken ya gangara ta ƙarƙashin kujerar ya jiƙa mata bakin zane, ba ta janye ƙafa ba.