Labulen da Ya Ƙi Sauka a Hull

Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1884, mutum ɗari shida da goma sha biyu ne suka shigo gidan wasan kwaikwayonmu na garin Hull a Ingila don buɗe sabon wasa, amma ɗaya kaɗai ne ya dami babbar 'yar wasanmu, Honoria Pask. Shi ne Mista Ellwood, mai wani gidan wasa a Landan, wanda ya zo ya ga ko ta isa ya ɗauke ta. Shekarunta sun doshi arba'in, duk ta ƙarar da su a yawon ƙananan garuruwa, ta kuma san irin wannan baƙo ba ya zuwa sau biyu.

A sana'armu ba a furta jimlar ƙarshe ta sabon wasa a wurin gwaji, sai ranar buɗewa, don an ce yin haka yana jawo tsiya. Saboda haka duk lokacin da Honoria ta iso ƙarshen wasan a gwaji, sai ta faɗi kamar yadda aka tsara mata ta mutu, ta ce a je a sha shayi. Baba Trickett, tsohon matuƙin jirgin ruwa mai riƙe igiyar labule, sai ya saki igiyarsa. Ba wanda ya tuna ya gaya masa ainihin jimlar.

Ni na fito a matsayin mijinta. A ƙarshen wasan ta sha guba, ta yi jawabin da ya sa matan masunta share hawaye, ta furta jimlar ƙarshe ta gaskiya, ta faɗi a hannuna. Labule ko motsi. Na hango Baba a gefe, riƙe da igiya, ya kasa kunne.

"Septimus, yi kuka mana," in ji gawar, ba tare da ta motsa leɓe ba.

Na yi kuka har ya ƙare mini. Na ƙirƙiro addu'a, ita ma ta ƙare. Wani daga kujerun sama ya tambaya ko a kira masu haƙa kabari. Na raɗa mata cewa Baba maganar shayin nan yake jira, ta ce in ta tashi sai ta rataye shi da igiyar nan tasa. Na tuna mata cewa Ellwood yana kallo, kuma hannuna ya mutu.

Sai ta buɗe ido ɗaya, ta ɗago kai da ƙyar kamar mai barin wasiyya, ta ce da muryar da ta kai bangon baya: "Maigida, na gama mutuwa. A je a sha shayi."

Labule ya faɗo nan take. Dariyar da ta biyo baya sai da ta kaɗa fitilun gaban dandamali.

Baba ya tarye ta yana yabon mutuwar, sai dai a ganinsa yau ta ɗan yi tsawo. Sai ga Ellwood a bayansa yana goge ido. Ya ce mata masu mutuwa sun yi masa yawa a Landan, mai ba da dariya yake nema, in za ta yarda.

"Ranka ya daɗe, ni fa 'yar wasan tausayi ce."

"Da dai," in ji shi.

Ta tafi Landan a watan Janairun 1885, ta yi wasan barkwanci a can har 1907. Baba Trickett ya ci gaba da riƙe igiya a Hull har aka rushe gidan.