Sharaɗin Ɗaga Babur

A tsakar gida suka ƙulla maganar. Baba Direba yana zaune kan tsohuwar tayar mota da ya mayar kujera, babbar 'yarsa kuma tana tsaye da makullin babur ɗinsa a cikin jakarta. Tun ranar da ƙaramin babur ɗin ya kayar da shi a mararraba, ya danne masa ƙafa har sai da masu wucewa suka ɗaga, ta ƙwace makullin ta hana. Ita so take ya rufe gidan ya koma wurinta, ta ma riga ta gyara masa ɗaki kusa da na yara. Shi kuwa ya ce mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan tirela daga wannan iyaka zuwa waccan ba zai ƙare a ɗakin da sai ya nemi izini kafin ya leƙa titi ba. Laifin na babur ne, in ji shi: ga tsayi kamar raƙumi, ga sirdi kamar katako. A ba shi mai ƙasa-ƙasa, irin wanda mutum ke zama a kai kamar a falo, a ga ko zai sake faɗuwa.

Ta daɗe tana kallonsa. A asibiti take aiki, ɓangaren ƙashi, ta san yadda ake shigo da tsofaffi, ta kuma san yadda suke fita.

"Na yarda, Baba. Ka sayi wanda ranka yake so. Amma ranar da aka kawo shi, a nan wurin zan kwantar da shi ƙasa. In ka tashe shi kai kaɗai, ka zauna a gidanka, ba zan ƙara tada maganar ba. In ka kasa, ka bi ni."

"Uwata, kin dai ji abin da bakinki ya faɗa?"

Ta ce ta ji. Ya miƙa mata hannu irin na 'yan tasha, suka tafa.

Rumfar mai sayar da manyan babura tana bayan layin masu faci, rufin kwano, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai. Bakin Zuma ake ce wa mai wurin, kuma ba banza aka laƙaba masa sunan ba, amma ko maƙiyinsa ya san ya iya aikinsa. Ya ce wa Baba Direba babur takalmi ne, ba da ido ake zaɓensa ba, sai an saka. Ya hau da shi ɗaya bayan ɗaya yana zagaya shi kamar tela mai awo: tafin ƙafa biyu su kwanta a ƙasa sosai, gwiwa ta ɗan tanƙwara, kada hannu ya miƙe ƙyam.

Na farko ƙarami ne, shuɗi, mara nauyi. Ƙafa ta kai ƙasa, amma da ya ɗora ta a mataki sai gwiwoyinsa suka naɗe, kwankwasonsa ya fara ƙorafi tun ba a tada inji ba. Na biyu dogo ne, matakin can gaba, hannun can nesa. Bakin Zuma ya dube shi ya ce ya yi kama da rigar da aka shanya, ya sauko.

Na uku baƙi ne, mai faffaɗan sirdi da ɗan majingini a baya. Baba Direba ya zauna, hannun babur ɗin ya zo ya same shi inda yake, ƙafafunsa suka sauka ƙasa da kansu. Ciwon bayan da ya shekara da shekaru yana kwana da shi yana tashi da shi sai ya yi tsit. Rabonsa da jin zama irin wannan tun yana kan tirela, hanya ta miƙe, ba kowa gabansa. Ya rufe ido. Sannan ya ɗan karkata babur ɗin daga kan jak, ƙarfen da ke tokare shi a tsaye, nan take ya ji abin da yake riƙe da shi. Nauyin bijimin sa ne guda.

Ya gaya wa Bakin Zuma sharaɗin da ke kansa. Mutumin ya yi dariya har da dukan cinya, ya ce ai da sauƙi, ya ɗauki shuɗin ya ci jarrabawa, bayan kwana biyu ya dawo su yi musanya. Baba Direba ya ce bai taɓa yaudarar yarinyar nan ba tun tana goye, ba yau zai fara ba. Kuma me zai yi da babur ɗin da ba zai iya kai shi tsohuwar tasha wurin abokansa ba sai ya sauka ya miƙe baya a hanya?

"To, maigida, ai babur ba da ƙarfi ake ɗaga shi ba, da dabara ne. Dubi tumbina, ka ga na yi kama da ɗan dambe?"

Ya shimfiɗa tsohuwar katifa, suka kwantar da baƙin a hankali. Ya nuna masa: a sa giya don kada taya ta gudu, a buɗe jak, a juya wa babur baya, a danna mazauni a gefen sirdi, hannu ɗaya a hannun babur ɗaya a kariya, ƙarfen ɗaura kaya na baya, sai a riƙa takawa da baya kaɗan-kaɗan, cinya ce ke aiki. Ya ƙara da cewa kada ya zuba mai da yawa a tanki kafin ranar. Baba Direba ya gwada, ya danna, babur ya taso sumul har ya ba shi mamaki. Yana cikin turawa ya ga inuwa a ƙasa, ta hannun Bakin Zuma riƙe da ƙarshen kariya. Ya gani sarai. Ya kau da kai ya dubi rufin kwano, da babur ya tsaya kuma ya karɓi kirarin da aka yi masa. Ya bar wa Bakin Zuma tsohon babur ɗinsa, ya cika kuɗin da abin da ya tara.

Da safe 'yarsa ta zo da mijinta. Tana shigowa ta ga abin da ke tsaye a tsakar gida yana sheƙi, fuskarta ta canja. Ta zagaya shi, ta gwada motsa shi, ko gezau. Ta ce a bar gwajin, a zauna a sake shawara, ita da ta san irin wannan zai ɗauko da ba ta kafa sharaɗin ba. Surukin ma ya sunkuyar da kai ya sa baki, ya ce ko shi da ƙuruciyarsa ba zai yi gangancin ba. Baba Direba ya tambaya ko in an bar gwajin an bar maganar komawa gidanta ke nan. Ba ta janye ba. Ya ce to su kwantar.

Su biyu suka sauke shi kan kwalaye suna nishi. Ya sa giya, ya buɗe jak, ya juya baya, ya yi bisimilla. Da ya danna sai ya ji kamar bango yake turawa. Ya sake dannawa, gumi ya keto masa, babur ya taso kamar taki ɗaya ya tsaya. A nan ne dabara ta ƙare. Cinyar da aka ce ita ke aiki ta fara rawa, ya san in ya saki yanzu ya saki gidansa, sai ya miƙe da baya, abin da aka hana shi. Wani abu ya ce ƙas a kwankwasonsa, wuta ta bi ƙafarsa ta hagu har yatsa. Bai saki ba. Babur ya tashi, ya wuce tsakiya, ya zauna kan jak.

Ya jingina da shi yana dariya ba sauti. Surukin ya tafa. Ita ba ta tafa ba, ƙafarsa take kallo, yadda ya ɗora nauyinsa duka a dama.

"Baba, zo ka raka ni bakin ƙofa."

"Yaushe aka fara uba yana raka 'ya? Kin yi alkawari, Uwata."

Ta ja mijinta suka fita.

Da ƙyar ya ɗaga ƙafar da hannu ya haye sirdi. Yana zama zafin ya lafa, don Bakin Zuma bai yi ƙarya ba, babur ɗin nasa ne kamar an auna. Ya tada inji. Ƙarar ta cika gidan, kauri gare ta, irin ta babbar mota a gangara. Ya so ya taka giya, ƙafar ta ƙi jin umarni. Ya so ya sauka, ya ga ba hali. Ya zauna riƙe da hannun babur yana fuskantar ƙofa, rana ta tashi daga wannan bango ta koma wancan, har ɗan man da ke tanki ya ƙare, inji ya yi tari ya mutu.

Shirun bai daɗe ba ta shigo. Ashe ba ta tafi ba, a kwanar layi ta zauna cikin mota tana sauraro, tana jiran ko dai ya fito ko ya kira. Ita da mijinta suka ɗauke shi kamar yadda suka kwantar da babur ɗin, a hankali, suna nishi.

Likita ya ce ƙashin baya ne ya goce ya danne jijiya, da an kawo shi da wuri da wataƙila. Aka yi aiki, ƙafar ba ta dawo ba, jan ta yake yi da sanda. Daga asibiti gidanta aka wuce da shi, ba wanda ya tambayi ra'ayinsa, shi ma bai bayar ba. Aka sa 'yan haya a gidansa. Bakin Zuma ya zo dubiya da lemo, ya jajanta sosai, ya ce don zumunci zai saye babur ɗin, ko da yake kasuwa ta faɗi. Baba Direba ya dubi hannun mutumin, wanda ya riƙe kariya ranar, na ɗan lokaci, ya ce a ba shi.

In za a yi hisabi, Baba Direba ya ci sharaɗi, ya rasa ƙafa da gida da hanya. 'Yarsa ta faɗi sharaɗi ta sami abin da take nema, ga uba a ɗaki kusa da ita, sai dai har yau in ta kai masa abinci ƙasa take kallo, shi kuma taga. Wanda ya ci riba tsantsa Bakin Zuma ne, da ya sayar da babur ɗaya sau biyu.