Layin Shaida a Takardar Farfesa Rintoul

Shekara talatin ke nan ni ce mai ɗaukar waya a sashen koyar da sassan jikin ɗan Adam, idan wanda ya yi wasiyya da gawarsa ga ɗalibai ya rasu. Doka ɗaya ce: takarda mai sa hannun mamaci da na shaida. Farfesa Lachlan Rintoul ne ya koya mini taurin kai a kanta, mutumin da rabin likitocin Scotland suka bi ta hannunsa. Ɗalibi ya kuskura ya yi dariya kusa da gawa, sai ya nuna masa ƙofa: "Malaminka ne kwance nan, shashasha!"

Ranar Talata da safe 'yarsa Elspeth ta kira.

"Misis Geddes, Baba ya cika. Ya ce ku za ku ɗauke shi. Yaushe motar za ta zo?"

Na ce ta ba ni minti biyar. Na zaro takardarsa daga durowa. Sa hannunsa na nan, kamar kaza ta bi ta kan tawada. Layin shaida kuwa fari fat.

Na san dalili. Ranar da ya yi ritaya ya kawo mini ita, ana tsakiyar shan shayi.

"Ishbel, sa mini hannu nan. Na gaji da koyarwa a tsaye, ina so in gwada a kwance."

"Haba Farfesa, ana yanka kek kana kiran mutuwa? Bari sai Litinin."

Ba na son ganin sunansa a irin wannan takarda, shi ke nan fa. Litinin ɗin yau shekararta tara ba ta zo ba.

Na ɗauki biro. Wa zai sani in na sa tsohon kwanan wata? Amma iyalai nawa na mayar suna kuka saboda wannan layin, Farfesa yana tsaye a bayana yana gyaɗa kai? Na ajiye biron, na tsani kaina, na kira ta.

"Ba za mu iya karɓarsa ba, Elspeth. Babu shaida. Laifina ne."

Sai ta ce:

"To ina zan kai shi, Misis Geddes? Bai sayi kabari ba, ko waƙar coci bai zaɓa ba. Cewa ya yi yana da wurin zuwa."